Ɗakin da Surutuna Ya Cika

Ban taɓa zama a ajin boko ba, na allo ma ban daɗe ba, amma duk wanda ya zauna a layinmu na Jos Jarawa ya san bakina. In ana suna ko biki ni ake aika wa, in zauna kusa da murhu in ba mata labari har su manta hayaƙi na cin idonsu. Abin da na ji sau ɗaya ya zauna ke nan. Shekara talatin ina auna gero da wake a kasuwar Terminus kafin wuta ta cinye ta, kuma har yau zan iya jera miki rumfunan layinmu ɗaya bayan ɗaya, da masu su, da irin tarin kowa. 'Yata ce ke rubuta wannan. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada kuma ta rage wurin da na yi laifi.

Mu biyu Innarmu ta bari, ni da Yaya. Babanmu daga arewa ya zo aikin kuza. Inna kuwa 'yar kan dutse ce, daga wani ƙauye ta gangaro tana ɗaukar ƙasar kuza a kwano, a nan suka haɗu, ta musulunta, aka ɗaura. Sau ɗaya tak ta koma garinsu, lokacin da tata uwar ta rasu, kuma Yaya ta tafi da ita, don ni ina ciki. Ban yi famfara ba Inna ta rasu. Saboda haka hanyar garin, da sunansa, da sunayen kawunnanmu, da ɗan abin da ya rage na yarensu, duk suna wurin Yaya. Har da wata waƙa da Inna ke yi in tana surfen acha.

Abin da na sani na Inna da idona shi ne rumbunta. Ta gina shi a bayan ɗakinmu na bariki irin ginin mutanensu, ya kuma daɗe a tsaye bayan ba ta. Daga waje rumbu ɗaya ne. In ka hau ka leƙa ta sama sai ka ga katanga a ciki ta raba shi uku: nan acha, nan gero, nan wake. Ina yarinya na sha leƙawa in ga wurin acha ya cika har baki, na wake kuwa wayam, sai gizo-gizo.

Me ya sa ban tambayi Yaya ba duk tsawon shekarun nan? Zan faɗa. A gidanmu ba a cika tada zancen dangin Inna ba. Ni kuma in na buɗe baki a taro, tafiyar Baba nake bayarwa, da malaman da ya fito daga tsatsonsu, ina ƙara gishiri. Gefen Inna ina tsallake shi. Yaya mace ce mai shiru, in ba a tambaye ta ba, ba ta cewa. Ni kuma ban saba tambaya ba, na saba a tambaye ni.

Shekaru kaɗan bayan gobarar kasuwa hawan jini ya matsa wa Yaya. Wata rana da na je gaishe ta sai ta ce, "Auta, ku zo ku karɓi kayanku. Sun yi mini nauyi."

'Yata tana aikin buga takardu a wani ofishin gwamnati, tana zaune a Daɗin Kowa. Ta sayi kwamfuta 'yar Beljiyam, wadda aka yi amfani da ita a waje kafin ta iso nan. Ita ta ce za ta aro kyamara wurin abokiyar aikinta, a haɗa da waya, duk abin da Iya ta faɗa, haka take kiran Yaya, ya shiga cikin kwamfutar kai tsaye, murya da fuska, jikoki su gani.

Ranar Asabar ce da hantsi, a gidan 'yata, tsakiyar damina, irin sanyin nan na Jos da ke shiga ƙashi. Na ɗaura atamfata ta sallah, na kafa ɗauri. Yaya ta zo da tsohuwar rigar sanyinta mai maɓalli ɗaya. Aka kafa kyamara, sai na ga kujerar da aka ajiye a gabanta, na riga kowa zama.

'Yata ta ce, "Mama, don Iya aka aro abin nan fa."

Na ce, "Na sani. Share fage zan yi. Ana fara magana haka kawai ba sallama?"

Yaya ta ce, "Bar ta. Wannan tun tana ciki take surutu, Inna ba ta samun barci."

Muka yi dariya, na fara. Na ga kaina a gilashin kwamfutar, ɗauri ya zauna, murya ta fita, sai abin ya yi mini daɗi. Na gaida na kusa da na nesa da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Na ɗauko Baba tun daga garinsu na kawo shi Jos a ƙafa. Na shiga kasuwa na bi layi-layi. Na ba da labarin ranar da muka tsaya muna kallon hayaƙi, da matar da ta yi ta kiran sunan keken ɗinkinta kamar ɗa. Sau biyu 'yata tana ɗaga mini hannu, ina kawar da kai. Na fi awa guda a kujerar nan.

Da Yaya ta zauna sai ta kalli gilashin ta ce, "Wace ce wannan tsohuwar da ta zuba mini ido? Ku rufe ta, ba zan iya magana tana kallona ba." 'Yata ta yafa mayafi a kan gilashin. Yaya ta gyara zama, ta fara da motar katako da suka hau ita da Inna, da inda motar ta sauke su suka kama tafiyar ƙasa.

Wannan farkon na taɓa jin sa. Ga kuma gwaten acha da na ɗora yana neman kamawa. Sai na ce a raina, ai na'ura na ji. Na tashi na shiga madafa.

Ni da ban taɓa yarda wani ya riƙe mini magana ba, ko takarda, ranar na bar wa akwati. Ina juya gwate, maƙwabciyar 'yata ta leƙo ta taga neman ashana, na tsayar da ita na ba ta labarin gobara, wanda na gama bayarwa yanzun nan. Ruwa ya sauko yana dukan kwano. Ta cikin bango ina jiyo muryar Yaya sama-sama, na ji ta ɗauki waƙa, na ji ta koma magana, ta daɗe tana yi. 'Yata tana shiga tana fita, tana kwashe shanya, tana tare ruwa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Na fito da kwano a hannu na tarar da Yaya ta jingina, fuskarta jiƙe.

Ta ce, "Daidai na gama. Na sauke, Auta. Ban rage komai ba."

Na ce, "Sannu, Yaya. Zan zauna in ji shi a natse."

Ta ci gwate da yawa ranar, har ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Wutar unguwar ba ta dawo ba sai bayan kwana biyar. A rana ta huɗu Yaya ta faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, sai ido da hannun hagu. Da muka dawo da ita daga asibiti na ce wa 'yata, to, Allah ya sa mun riga mun karɓa. Sai da muka fita soro ta ce, "Mama, na kunna. Naki yana nan duka. Na Iya bai kai minti goma ba ya tsaya."

Na ce ƙarya ne, a cikin akwatin yake, a nemo shi.

Akwai wanda na sani. Maƙwabciyar rumfata a kasuwa 'yar Ibo ce mai sayar da tangaran, mun yi shekara ashirin muna raba inuwa ɗaya. Ɗanta na fari, wanda na sani tun yana goye, ya zama mai gyaran kwamfuta, yana da shago a saman bene kusa da Terminus, har furfura ta fara fito masa a gemu. Muka naɗe akwatin a zane muka hau tasi. Gari ya riga ya canja a lokacin saboda rikici, kowa ya san layin da yake bi da wanda ba ya bi, amma bakin kasuwa na kowa ne.

Yana ganina ya miƙe. "Mama! Kai ne? Ka zauna, ka zauna."

Na ce, "Shekara arba'in a Jos har yau ba ka san mace ba? Ke ake cewa, Oga."

Ya ce, "Mama, in na gyara wa zai zage ni?"

Ya haɗa wayoyi, ya kunna, 'yata ta yi masa bayani da Turanci. Ya daɗe yana danne-danne. Sai ya ce matsalar daga had-dis ne.

Na ce, "Hadisi? Kai da kake zuwa coci, me ya haɗa ka da hadisi?"

Ya yi dariya har ya riƙe tebur. Ya kwance gefen akwatin ya nuna mini wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu. "Wannan ne had-dis. Nan ne sito. Duk abin da ya shiga kwamfuta nan yake kwana."

"To buɗe siton ka fito mini da yayata."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya juyo da gilashin wajena. Ya nuna mini wani zagaye kamar waina, shuɗi gaba ɗaya. Ya danna, ya nuna wani, shi kuma kusan duka ruwan hoda, sai ɗan shuɗi siriri kamar yankan albasa.

Ya ce, "Mama, sito ɗaya ne, amma wanda ya sayar ya raba shi ɗaki biyu. Muna ce masa patishan. Wannan sunansa Si, wannan Di. Si ƙarami aka yanka masa, kuma kayan aikin kwamfuta duk suna ciki tun da farko. Hoto mai motsi yana cin wuri ƙwarai. Kyamara tana zubawa a Si, tana zubawa, ya cika, ya tsaya. Shuɗi shi ne kaya. Wancan launi, fili."

Na nuna na biyun. "Wannan duk fili ne?"

"Fili ne. Zai ɗauki maganar yayanka sau biyar."

"To da na farkon ya cika, me ya hana shi tsallakawa?"

"Ba ya tsallakawa. Kowane ɗaki da iyakarsa. Inda aka ce masa ya zuba, nan zai zuba. In ya kai bango ya tsaya, ko da bayan bangon babu komai."

"Bai kuma yi magana ba? Ko jaki in kaya sun yi masa yawa yana kuka."

Ya ce, "Ya yi magana. Yana fito da rubutu a gilashi, wuri ya ƙare."

Na dubi 'yata, ta dube ni. Mayafin.

Ban buƙaci ƙarin bayani ba, don na riga na ga abin tun ina yarinya, ina tsaye a kan turmi ina leƙen rumbun Inna. Sai dai Inna tana tsaye a kan nata, in wurin acha ya cika ta san inda za ta juya kwando. Namu mun rufe masa fuska mun tafi.

Na ce, "A rushe katangar."

Ya ce ana iyawa. Zai kwashe komai ya ajiye a wani wuri, ya sake yanka ɗakunan, ya ba Si girma. Ya ce ma tsarin da aka yi wa siton tsohon yayi ne, ko babban ɗakin ba ya karɓar ƙunshi ɗaya in ya cika girma, sai an daddatsa, shi zai canja shi zuwa sabon tsari. Na bar shi ya gama, sannan na tambayi abin da ya kawo ni.

"In ka rushe, maganarta za ta fito?"

Ya sunkuyar da kai. "Mama, abin da ya ɓata a ciki ina iya nema. Wannan bai shiga ba."

Na ce ya nuna mini wane ne ya cika ɗakin. Ya ce ba sai an duba ba. Na ce ya nuna. Ya nuna mini layi biyu, ya karanta lambobin da ke gabansu, ban san lamba ba amma na san bambancin buhu da mudu. Buhun nawa ne.

Ya kunna mana mudun. Ga Yaya da rigar sanyinta, tana kallon gefe. Motar katako. Tafiyar ƙasa. Ta ce da suka fara hawan dutse Inna ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta fara waƙa, muryarta ta zama wata iri, kamar ba Innar da ta sani ba. Sai Yaya ta ɗauki waƙar. Baiti ɗaya, biyu, uku. Ta shiga na huɗu, ta buɗe baki a kan wata kalma, rabinta ya fito, hoton ya tsaya cak. Bakinta a buɗe.

Mai gyara ya goge ido da bayan hannu ya ce ƙura ce. Na sa ya maimaita sau uku. A na ukun na riga na riƙe, ko da yake ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

A hanya na tatsi 'yata. Me kika ji? Ta ce ta ji shingen kerana, da wani dutse da ya rabe biyu ana bi ta tsakiya, da kawu mai ɗingishi. Sunan garin fa? Ta ce Iya ta faɗa, sau ɗaya, amma suna ne da harshenta bai kama ba, ta kuma ɗauka yana shiga. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na tuna inda nake a lokacin, da muciya a hannuna.

Kwana biyu ina zuwa wurin Yaya ina shafa mata man zafi ban faɗa ba. Tana kwance hankalinta kwance, ta sauke kaya. Na yi tunanin in bar ta a haka. Amma ban taɓa ɓoye mata abu ba, kuma ina da ɗan kwaɗayin ko harshen zai saki. A rana ta uku na zauna a bakin gadon na kama hannunta na hagu.

Na ce, "Yaya, kayan nan ba su iso ba. Wurin da aka tanada ƙarami ne, ni kuma na cinye shi da surutu. Sannan na tafi na bar ki kina yi wa bango magana."

Ta daɗe tana kallona. Sai gefen bakinta mai rai ya ɗaga, ƙirjinta ya fara motsi. Na tsorata, na ɗauka shaƙewa ce. Dariya take. Ta zare hannunta ta kama leɓena na ƙasa ta ja, kamar yadda take yi mini muna yara in na dame ta.

Na ce, "Ja da kyau. Ya cancanta."

Sai na fara waƙar. Idonta ya buɗe. Na yi baiti uku, na kai rabin kalmar nan na tsaya, ina jira. Leɓenta ya yi ta rawa, wuyanta ya kumbura, sauti ya fito amma ba kalma. Ta gwada har gumi ya keto mata. Da ta ga ba zai yiwu ba, sai ta ɗora hannu a cinyata ta ci gaba da bugawa, bugun taɓarya, tim, tim, tim. Na ƙirga da jikina. Ta yi tsawon baiti biyar bayan inda na tsaya, sannan ta ɗauke hannu. Daga nan na san waƙar baiti tara ce, ko kusa da haka, kuma na san tsawon abin da na rasa.

Kullum muna yin haka har sati uku. Ni baiti uku da rabin kalma, ita sauran da hannu. Ranar wata Talata bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan arba'in na fara zuwa bakin Terminus, wurin matan da ke kawo acha da dankali daga ƙauyuka suna baza su a gefen titi. Ni da aka sani da sayarwa, na koma ina tsugunawa gaban tsofaffi ina yi musu waƙa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ba yarensu ba ne, wata ta ce, "Hajiya, in ba za ka saya ba ka matsa." Sai wata mai jan kallabi, haƙoranta biyu, ta ajiye mudu ta ce in sake. Na sake. Ta ce harshena ya karkace amma ta ji. Ta ce kusa da yarensu ne, na mutanen bayan dutsensu, ƙauyuka ne da yawa a can, kowanne da irin tasa waƙar surfe. Wannan ba ta san ta ba.

Na ce ta gaya mini ko me nake cewa.

Ta ce, "Kina cewa acha ƙanƙane ne, ba ya jin taɓarya da wuri. Kina cewa hannuna ya gaji amma yara ba su ci ba. Kina cewa ke da kika gangara ƙasa, in kin dawo ki zo mini da..." Ta tsaya. "Da me?"

Na ce, "Nan ya yanke."

Ta gwada kalmomi uku da suke farawa da wannan sautin. Ɗaya gishiri, ɗaya wani irin zane, ɗaya kuma ɗa, ko jika. Ta ce ba za ta zaɓa mini ba, kada ta sa wa uwata magana a baki. Na ce ta yi daidai.

Mai gyara ya cika alkawari, ya sake yanka siton, ya ba ɗakin farko girma. 'Yata ta ce yanzu wuri ya samu, in zo in zuba duk labaran da na sani. Na je, amma ba ranar da na zauna a kujerar nan ban fara tambaya ba: wane ɗaki yake zubawa, saura nawa, kuma wa ke bayana da bai yi magana ba tukuna. Gilashi kuma a buɗe. Nawa na farko, mai ɗauri da atamfa, na ce a goge. 'Yata ta ƙi, ta ce a ciki ne kaɗai ake jin Iya tana cewa tun ina ciki nake surutu. Na bar shi saboda wannan.

Na koya wa jikokina mata waƙar. Suna yin ta in suna wanke-wanke, su huɗu, da ƙarfi, su kai rabin kalmar nan su datse ta tare, su yi tafi. A wurinsu haka waƙar take ƙarewa. Sau da yawa na gaya musu akwai saura, sukan ce to Kaka ki yi mana. Sai in ajiye abin da ke hannuna in buga musu baiti biyar a cinyata, su tsaya su ji har in gama.